Alhamdulillahi, Baba ya gani da idonsa

Alhamdulillahi. Tun daren Talata ban runtsa ba, jikina duk ya mutu, amma ba zan iya kwanciya ba sai na sauke nauyin godiyar da ke wuyana. Rokar Artemis I, wadda hukumar sararin samaniyar Amurka NASA ta harba zuwa duniyar wata, ta tashi ƙarfe 1:47 na dare, wayewar Laraba 16 ga Nuwamba, 2022, Baba kuwa yana zaune a kekensa na marasa lafiya a bakin kogi a garin Titusville na jihar Florida, bututun oksijin a hancinsa, yana kallo.

Kun bi mu tun 29 ga Agusta, ba sai na maimaita muku ba. Kun san matsalar inji na uku da ta hana rokar tashi a ranar, kun san yoyon man haidirojin da ya sake hana ta tashi ran 3 ga Satumba, kun san yadda guguwar Ian ta sa aka ɗauke rokar daga dandalin harbawa aka mayar da ita ginin da aka haɗa ta. Duk sanda aka tsayar da agogon ƙirge, mutane sai su ce ba komai, wata rana a sake. Mu a gidan nan ba mu da bakin faɗin haka, domin likita ya riga ya gaya mana halin da huhun Baba yake ciki. Mutumin da ya kasa kunne a rediyo a 1969 ya ji an taka wata, ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyar da kimiyyar lissafi da motsi, abu ɗaya ya roƙe ni: in kai shi ya ga rokar wata tana tashi.

Daren guguwar Nicole ne ba zan manta ba. An mayar da rokar dandali na 39B tun 4 ga Nuwamba, da guguwar ta matso kuma aka bar ta a tsaye a fili, abu mai tsayin mita 98, iska na dukanta. Ana cikin haka wuta ta ɗauke a layinmu. Injin da ke tace wa Baba oksijin ya yi ƙara ya mutu. Na jona masa ƙaramar tukunyar ajiya, na haska allurarta da fitilar waya, na yi lissafi, na ga ba za ta kai mu safiya ba. Hanya ba ta fituwa, rassan itatuwa sai faɗuwa suke yi. Maman yara ta riƙe hannunsa tana karanta duk addu'ar da ta zo bakinta. Shi kuwa Baba, da numfashi sama-sama, tambayata yake yi ko an ce rokar tana nan tsaye. Wallahi a lokacin na ji haushin rokar nan har cikin raina.

Sai muka ji ana bugun ƙofa. Maƙwabcinmu ne, dattijon nan mai farar a-kori-kura, wanda gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ya jiƙe sharkaf, ya jawo janaretonsa a cikin wannan ruwa, da galan na mai a hannu. Ashe ya taɓa ganin ana sauke mana tukwanen oksijin, da wuta ta ɗauke sai ya tuna. Shi ya kafa janareton nesa da taga saboda hayaƙi, shi ya ja waya har ɗakin Baba, bai tafi ba sai da ya ga koren fitilar injin ya kama. Gidansa a duhu ya kwana. Ya ce kada in yi maganarsa a ko'ina, amma ya yi haƙuri, ba zan iya shiru ba. Allah Ya haskaka masa kamar yadda ya haskaka mana, Ya ba shi lafiya, Ya tsare masa zuriya, Ya sa kada ya taɓa neman taimako ya rasa.

Yaya Babba, ke da kika bar aikinki kika zo kika karɓe ni jinya, Allah Ya ba ki 'ya'ya masu yi miki fiye da haka. Kawu, kiranka na kullum bayan asuba shi ya riƙe ni. Ma'aikaciyar jinyar da ta shirya mana tukwanen da za su ishe mu zaman dare a waje, ta kuma rubuta min abin da zan yi in numfashi ya sauka, Allah Ya saka mata. Ɗaliban Baba na da, waɗanda suka riƙa aiko saƙo daga ƙasashe daban-daban, na karanta masa duka, wasu ma sau biyu ya sa na karanta.

Daren tashin ma bai zo da sauƙi ba. Sararin sama ya yi kyau, masu hasashen yanayi sun ba da hanya, sai ga wani yoyon haidirojin a wani bawul a gindin dandali. Aka tura mutum uku suka je dab da rokar cike da mai, suka ɗaure notuna da hannu. Daga nan kuma na'urar sadarwa ta wata tashar rada ta ƙi aiki. Ƙarfe 1:04 da aka sa ya wuce, agogo yana tsaye a saura minti goma. Baba bai ce uffan ba. Da Charlie Blackwell-Thompson, matar da ke jagorantar harbawar, ta ba da izini agogo ya ci gaba, sai ya damƙe wuyan hannuna. Haske ya fara zuwa, kogin gaba ɗaya ya koma kamar hantsi, babu ƙara ko kaɗan. Na duba sai na ga leɓensa na motsi, ashe daƙiƙu yake ƙirgawa. Kusan minti guda sannan rugugin ya iso ya girgiza mana ƙirji. Ya juyo ya ce, "Ka gani ko? Abin da nake gaya wa yara ke nan, haske ya riga sauti." Daga nan ya fashe da kuka, ni ma na kasa riƙe nawa. Mutanen nan uku da suka shiga gindin rokar, ban san su ba, amma suna cikin addu'ata.

Akwai 'yan uwa na jini da tun Agusta ko sau ɗaya ba su kira sun ji ya jikinsa ba, har a daren guguwa da labarin ya cika ko'ina. Baba ya tambaye ni su, na ce ƙila layi ne ba ya shiga. Ba zan ƙara komai a kai ba. Lambarsa dai ba ta canza ba, kuma da hantsi ya fi samun ƙarfin magana.

Jikin ya ɗan motsa saboda sanyin daren, gobe za mu koma asibiti. Yanzu kuma ya ce sai na riƙa karanta masa inda kumbon Orion da rokar ta ɗauka zuwa duniyar wata ya kai kowace safiya har ya dawo. Ku ci gaba da sa shi a addu'a. Allah Ya ba shi sauƙi, Ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, Ya saka wa kowannenku da alheri. Wanda bai ga amsar saƙonsa ba ya yi min uzuri, zan bi su ɗaya bayan ɗaya in na farka.