Tandar tagulla daga Malesiya

Daren da za mu bar Birnin Kebbi, Inna ta naɗo tandar masarta ta ƙasa a cikin tsohon zane, ta ce in saka a akwati. Maigida ya ɗaga ya ji nauyi, ya ce, "Inna, a yi haƙuri, wannan fashewa za ta yi a hanya." Aka bar ta. Kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa ne kawai suka bi mu Malesiya, inda ya samu gurbin karatun digiri na uku. Shekara uku muka yi a Serdang, kusa da Kuala Lumpur.

Watannin farko sun yi mini nauyi. Muna hawa na tara, shi ya fita tun safe sai magariba, a bar ni da jinjira 'yar wata takwas. Ba mai sallama, ba maƙwabciyar da za ta leƙo ta ce a ara mata rariya. In na ɗauki waya da hantsi zan kira gida, sai in tuna awa bakwai ce tsakaninmu, can ko kiran asalatu ba a yi ba. Kwaɗayin masa ne ya fara tayar da ni daga wannan zaman tagumi.

A kanti na ga wata shinkafa fara tas, mai kama da shinkafar tuwo, na saya na jiƙa na niƙa. Da na zuba ƙullin a kasko sai ya zama danƙo, ya ƙi juyuwa, cikinsa kamar ƙaro. Ashe pulut ce, shinkafarsu mai yauƙi da suke dafawa da madarar kwakwa. Wata dattijuwa Bamalayiya da ke ƙofar da ke kallon tamu, wadda kowa ke kira Makcik, wato gwaggo, ita ta warware mini. Na nuna mata hoton masa a waya, ta shiga ɗaki ta fito da wata tanda ta tagulla mai ƙananan gurabe da suke toya wata 'yar wainarsu mai suna kuih cara, ta ce in yi da shinkafar da ake ci kullum. Na riƙe tandar nan da hannu biyu, hawaye ya cika mini ido, don Inna kawai na tuna.

Daga nan koyo ya fara. A gida da sanyin hunturu mukan bar ƙulli ya kwana, amma can zafi da laima ba sa ɗagawa duk shekara, awa uku zuwa huɗu ya tashi, in ya kwana sai tsami. Babu kanwa, sai na riƙa saka bekin soda kaɗan a bakin ƙaramin cokali. Cincin da dubulan kuwa in ka bar su a tire, kafin gari ya waye sun yi laushi. Dole su huce sarai sannan a rufe su a robar da iska ba ta shiga. Tsamiyar alkaki na same ta da sunan asam jawa, gula melaka kuma, sukarin da suke dafawa daga ruwan furen kwakwa, ya tsaya mini a madadin mazarƙwaila.

Kek ya fi ba ni wahala. Ƙaramin obin na gidan yana ƙona sama ciki bai nuna ba, sai da na gane in sauko da tiren ƙasa, in tsayar da zafin a digiri 170 maimakon 180, in daina buɗe murfi kafin minti ashirin da biyar. Na sayi sikeli, na fara rubuta kowane awo a littafi. Mu mun tashi da awon gwangwani da ido, kuma ban raina shi ba, hannun Inna bai taɓa kuskure ba. Amma wanda zai sayar, ya so na yau ya fito kamar na jiya, sai da sikeli. Da ƙaramar Sallah ta biyu, matan ɗalibanmu 'yan Arewa wurina suke yin odar kayan Sallah.

Da dare kuma kwarashi nake riƙewa, ina saƙa hular jarirai da safa. Wata rana a Central Market na Kuala Lumpur na tsaya gaban tabarmi da murafen abinci da aka saƙa da ganyen mengkuang, wani dogon ganye mai kama da kaba, kowanne da takarda a jiki mai sunan jihar da aka yi shi, da farashi mai kauri. Na juya murfin nan na duba bayansa. Wallahi faifan kabar da matan ƙauyukanmu ke saƙawa bai gaza shi ba, amma mu taya shi muke har mai shi ta sallama a wulaƙance. Abin ya tsaya mini a rai har yau.

Asabar ce ranar fitarmu, a jirgin ƙasa ko bas, da kular abinci don kuɗin ɗalibi ba ya ɗaukar gidan cin abinci. Mun yi sallah a masallacin Putra mai ƙubba ruwan hoda a bakin tafkin Putrajaya, mun tsaya ƙarƙashin tagwayen benayen Petronas masu hawa 88. Malaka ta fi zauna mini: 'yar ƙofa ɗaya da ta rage daga ganuwar da Turawan Fotugal suka gina bayan sun ci garin a 1511, amma ga 'yan makaranta layi-layi malamansu na yi musu bayani. Da na ba Makcik labari sai ta tambaye ni me ake zuwa gani a garinmu. Na ce bikin kamun kifi na Argungu, na ba ta labarin masunta da homa da gora a kogin Matan Fada. Ta ce, "Sau nawa kika je?" Ko sau ɗaya ban taɓa zuwa ba, alhali tafiyar ba ta fi awa guda ba daga ƙofar gidanmu.

Wata biyu da dawowarmu na ce wa maigida ya kai mu. Muka shiga gidan tarihin Kanta, tsohuwar fadar Sarkin Kabi da aka mayar gidan tarihi a 1958, muka ga tambura da masu da takubba, yarinyata tana ta nuni da yatsa. Bayan nan muka je Gwandu, muka ziyarci hubbaren Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo.

Yanzu ina gasa kek ɗin biki da na suna a unguwarmu. In babu wuta, babbar tukunya nake zuba wa yashi, gawayi a ƙasa da kan murfi, littafin awona a gefe. Faifai kuma na daina tayawa. Tandar tagullar Makcik ta bar mini ita ranar bankwana, na kawo wa Inna na toya mata a ciki. Ta gutsura ta tauna, ta juya tandar ta ƙwanƙwasa bayanta, ta ce, "Ta yi, 'yar nan. Amma ɗauko tawa, ki ji yadda gefen yake soyuwa a ta ƙasa."