Shafi Biyu da Amanar Mutane

Ranar da na ga sanarwar neman mai ba iyali shawara a wata cibiya, ban yi wata-wata ba na buɗe kwamfuta, a zatona aikin awa ɗaya ne. Shekara huɗu na yi ina wannan aiki a wata ƙungiya, ina zama da ma'aurata, da iyaye da 'ya'yansu matasa, da 'yan'uwan da ɗawainiyar mahaifiya mara lafiya ta raba musu kai. Na ɗauka abin rubutawa ba zai yi mini ƙaranci ba. Sai da na kwana goma sha ɗaya kafin takardar tarihin aikina, wadda ake ce wa sibi, ta bar hannuna.

Rubutun farko cike yake da kirari. Mai haƙuri, mai sauraro, mai tausayi, mai riƙe sirri. Na kai wa malamar da ke duba aikina tun ina ɗaliba. Ta karanta har ƙarshe, ta ɗago ta ce, "'Yata, akwai wanda zai nemi wannan aikin ya rubuta cewa ba shi da haƙuri? Faɗa musu abin da kika yi, su za su gano haƙurin da kansu."

Na koma gida na ɗauki maganarta da zafi, sai na zarce gona da iri. Tunda aiki ake son gani, na zaɓi iyalin da na fi jin daɗin yadda zamana da su ya ƙare, na ba da labarinsu a layi shida. Ban sa suna ba. Amma na faɗi sana'ar mijin, da yawan 'ya'yansu, da shekarun babbar 'yar, da ciwon da ƙaramin yake fama da shi. Da malama ta iso wannan wurin, fuskarta ta sauya. Ta ɗora yatsa a kan layukan ta ce, "Kin cire suna, kin bar fuska."

Na daɗe ina juya wannan magana. Takardar neman aiki ba ta tsayawa a hannu ɗaya. Mai karɓar saƙo zai buɗe ta, kwamitin tantancewa zai raba ta, za a buga ta, za a ajiye ta a na'ura shekaru bayan an manta da ni. A cikin duk waɗannan hannaye, mutum ɗaya tak ake buƙata wanda ya san wani mai irin wannan sana'a da ke da yaro mai irin wannan ciwo. Mutanen nan sun zauna gabana sun faɗi abin da ba su faɗa wa iyayensu ba, bisa alkawarin cewa maganar ba za ta fita daga ɗakin ba. Ba su ba ni izinin in ɗauke ta in nemi aiki da ita ba. Na ji nauyin abin ƙwarai, domin da kyakkyawar niyya na rubuta, kuma da niyyar tawa ba za ta kare su da komai ba. Wahalar rubuta tarihin aiki a wannan fanni ke nan: mafi kyawun abin da kika yi ba naki ba ne ke kaɗai, saboda haka ba ki da ikon baje shi.

Mafitar da muka samu ita ce in bayyana irin aikin, in bar mutanen. Maimakon labarin gida ɗaya, na rubuta yawan iyalan da nake gani a mako, da tsawon kowane zama, da nau'in matsalolin da suka fi zuwa: saɓanin miji da mata, tarbiyyar matasa, zaman gida bayan rasuwa, renon yara bayan rabuwar aure. Na rubuta cewa ina tsara manufar zama tare da iyalin tun haɗuwar farko, ina ajiye bayanan kowane zama a wuri mai tsaro, ina tura wanda matsalarsa ta fi ƙarfina zuwa ga likitan ƙwaƙwalwa ko jami'in walwalar jama'a. Kowane layi na fara shi da abin da na aikata: na jagoranta, na tsara, na tantance, na tura. Babu fuskar kowa a ciki, amma duk wanda ya san aikin zai gane cewa mai rubutun ta zauna a kujerar.

Abu na biyu da ya ɗauke mini lokaci shi ne sashen hanyoyin aiki. Na jera mazhabobin ba iyali shawara har shida, duk waɗanda na ci jarrabawa a kansu. Malama ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana tambaya, "Wannan kin yi shi da hannunki, ko karantawa kika yi?" Taswirar dangi, wadda ta samo asali daga tunanin Murray Bowen, wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Amurka, na yi ta sau ba adadi. Akan zana aƙalla tsatso uku, kakanni da iyaye da 'ya'ya, a nuna wa ke kusa da wa, wa ya yanke hulɗa da wa, sai ka ga miji ya yi shiru yana kallon takarda don ya gane cewa yadda yake ficewa idan an fara gardama, haka mahaifinsa yake yi. Hanyar wasu masana biyu, Steve de Shazer da Insoo Kim Berg, wadda ke mai da hankali kan mafita, ita ma ina amfani da ita kullum: in ce wa mutum ya auna halin da gidansa ke ciki daga 0 zuwa 10, idan ya ce 3, in tambaye shi me ya hana ta zama 2. Amma hanyar Salvador Minuchin, likitan nan ɗan asalin Ajantina da ya yi suna a birnin Filadelfiya na Amurka, inda ake sa iyali su maimaita rikicinsu a gaban mai ba da shawara don ya ga tsarin gidan da idonsa ya gyara iyakokin da ke tsakanin 'yan gidan, karatu kawai na yi a kanta. Na bar biyu a sashen ƙwarewa, na mayar da sauran sashen karatu. Takardar ta rage kauri, amma duk abin da ya saura zan iya tsayawa a kansa idan an tsare ni da tambaya.

Akwai layi ɗaya da na yi gardama a kansa kafin na yarda. Na rubuta adadin auren da na "ceto". Ina alfahari da wannan lamba. Malama ta ce in goge. Hujjarta ita ce, na farko, ba ni na ceto su ba, su suka yi aikin. Na biyu, wanda ya ƙirga nasararsa da yawan auren da bai mutu ba, wata rana zai matsa wa matar da ake duka ta koma don kada lissafinsa ya ragu. A inda ake duka, haɗa miji da mata a zama ɗaya ma yana iya jefa ta cikin haɗari, domin abin da ta faɗa a ɗaki ana iya rama shi a gida. Wani lokaci nasarar ita ce a rabu lafiya, yara su ci gaba da ganin iyayensu biyu ba tare da tsoro ba. Yau ina ganin gaskiyarta ɗari bisa ɗari. A gurbin lambar na sa cewa nakan gana da kowane ɗaya shi kaɗai tun farko don tantance ko akwai cin zarafi, kuma na san inda riƙe sirri yake tsayawa: idan ana cutar da yaro, ko mutum na shirin halaka kansa, ko ya yi barazana ga wani. Duk wanda ya karanci fannin ya san shari'ar Tarasoff, wadda kotun ƙoli ta jihar Kalifoniya da ke Amurka ta yanke a 1976 cewa mai ba da shawara yana da alhakin kare wanda aka yi wa barazana. Dokar kowace ƙasa daban ce, amma mai ɗaukar aiki yana so ya ga kin san cewa iyakar tana nan.

Sa'o'in da na yi ina aiki a ƙarƙashin kulawar ƙwararre na ɗaga su sama, kusa da shaidar karatu, tare da matsayin rajistata. Da farko na binne su a ƙasan shafi na biyu, alhali a wannan sana'a da su ake fara auna mutum. A Kalifoniya, alal misali, sai an cika sa'o'i 3,000 na irin wannan aiki kafin a ba da lasisi.

Sauran gyare-gyaren ba su ɗauki lokaci ba. Shafi biyu, aiki na baya-bayan nan a sama. Na ɗauki kalmomin da sanarwar ta yi amfani da su na sa a inda suka dace da gaskiyata, tunda cibiyoyi da yawa manhaja ce ke fara tace musu takardu. Na ambaci harsunan da zan iya gudanar da zama da su, domin mutum da harshen da yake kuka da shi yake son a saurare shi. Shekara guda da na bar aiki ina jinyar mahaifina na faɗe ta a layi ɗaya, ba tare da ban haƙuri ba. Masu ba da shaida a kaina kuwa na nemi izininsu tukuna, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da na taɓa ba shawara, duk da akwai waɗanda da farin ciki za su yi.

Bayan mako uku aka kira ni ganawa. Mutum uku ne a teburin, takardata tana gaban kowannensu. Dattijon da ke tsakiya ya ja layi a ƙarƙashin wurin da na yi maganar renon yara bayan rabuwar aure, ya ce in ba su misali na gaske. Na ce zan bayar, amma zan sauya shekaru da sana'a da yawan 'ya'ya, kuma zan haɗa gida biyu su zama ɗaya, don kada a gane kowa. Ya dube ni ɗan lokaci, ya ajiye biron ya gyara zama.

"To, Malama," in ji shi, "muna sauraronki."