Yoyon gefen bawul ɗin zuciya: hoton ƙirji kaɗai ba ya wadatarwa

Bayan an cire bawul ɗin zuciya (ƙofar da ke hana jini komawa baya) da ya lalace an ɗinka na ƙarfe ko na naman dabba a gurbinsa, wani lokaci ɗinkin yakan saki ta gefe guda, sai jini ya riƙa kurɗawa tsakanin zoben bawul ɗin da naman zuciya yana komawa baya. Ƙwayoyin cuta da suka kama wurin, ko taurin da taruwar sinadarin alli (kalsiyam) ta sa wa naman, su ne kan gaba wajen jawo haka, kuma a tiyata an fi ganinsa a bawul ɗin mitral (na tsakanin ɗakunan hagu biyu na zuciya) fiye da na aorta (na bakin babbar jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya).

Gwajin farko shi ne eko, inda ake ɗora na'ura a ƙirji tana aika sauti tana zana zuciya, Doppler kuma yana nuna gudun jini da launin ja da shuɗi. Sai dai ƙarfe yana tare sauti, yana jefa inuwa a kan ɗakin sama na hagu na zuciya, daidai inda yoyon mitral ke fesowa. Shi ya sa hankalina ba ya kwanciya idan aka sallami mai haki da kumburin ƙafafu don kawai hoton ƙirji ya fita lafiya. Abin da ya dace shi ne a zura siririyar na'ura ta maƙogwaro bayan mara lafiya ya yi kamar awa 6 bai ci komai ba, domin hanyar abinci tana manne da bayan wannan ɗakin. Da hoton 3D likita yana kallon zoben kamar fuskar agogo, har ya ce ramin yana wajen ƙarfe goma, ya auna faɗinsa, ya kuma bambanta shi da ɗan feshin da bawul ɗin ƙarfe ke yi ta cikin zobe, wanda da gangan aka ƙera shi haka.

Ƙanƙantar rami ba dalilin sakaci ba ce. Jinin da ke matsewa ta ƙaramar kafa da ƙarfi yana farfasa jajayen ƙwayoyinsa, mutum ya yi ta fama da ƙarancin jini, idanu su yi rawaya, fitsari ya yi duhu. Tun 1992 ake toshe irin wannan rami da waya siririya da ake zurawa ta jijiyar jini ba tare da sake buɗe ƙirji ba, kuma hoton maƙogwaron nan ne ke yi wa likita jagora har wayar ta shiga ramin.