Daga Zariya zuwa Tsaunin Mambila Tare da Gwaggo

Bikin ɗan'uwanmu da ke koyarwa a Gembu ne ya tayar da mu daga Zariya, kuma tun kafin mu nufi tashar Kwangila hankalin kowa a gida yana kan Gwaggo, domin hoton zuciya ya nuna tana da lalurar lotsawar bawul ɗin mitiral. Bawul ɗin shi ne ƙofar da ke tsakanin ɗakin sama da na ƙasa a ɓangaren hagu na zuciya, kuma ga mai wannan lalura marfinsa kan lotsa baya duk sa'ad da zuciya ta matse, har wani lokaci jini kaɗan ya koma inda ya fito. Kimanin mutum 2 zuwa 3 cikin 100 ke ɗauke da ita, galibinsu ba su ma sani ba.

Likitanta ya kwantar mana da hankali. Ya ce ciwon hawan tsauni, wanda ke zuwa da ciwon kai da tashin zuciya da rashin barci, yawanci yana farawa ne daga tsayin mita 2,500, kuma abin da ke jawo shi shi ne saurin hawa da nisan da aka hau, ba wannan bawul ba. Mambila kuwa tana wajen mita 1,600, ko Chappal Waddi da ya fi kowane dutse tsayi a Nijeriya mita 2,419 ne. Ya dai ja mana kunne a kan shan ruwa.

Muka bi ta Saminaka zuwa Jos, muka kwana a Jalingo, washegari muka wuce Bali da Serti. Daga Mayo Selbe hanya ta fara murɗewa tana hawa, kunnuwanmu suka toshe, hazo ya rufe kwarin da ke gefenmu, direba ya rage gudu yana danna oda a kowace kwana. Kafin mu kai Nguroje na ga Gwaggo ta dafe ƙirji, leɓunanta a bushe, gorar ruwan da na saya mata tun Jalingo tana kan cinyarta ko buɗe ta ba a yi ba.

"Gwaggo, ba ku sha ruwan ba?"

"Ɗan nan, in na sha, ina zan zaga a wannan hanya?"

Wannan kunyar ta iyayenmu mata abin dubawa ce ƙwarai, domin a nan ne ainihin alaƙar tsauni da lalurarta take. A sama iska ba ta da nauyi, saboda haka oksijin da ke shiga jini kan ragu, zuciya ta ƙara sauri, numfashi ya yawaita, ruwan jiki kuma ya riƙa fita tare da shi. Idan jinin da ke cika ɗakin hagu na ƙasa ya ragu, ɗakin kan tsuke, marfin ya ƙara lotsawa, sai faɗuwar gaba da jiri su taso. Alamomin sun yi kama da na ciwon tsauni har mutum ya rikita su, amma ita ba ta da ciwon kai ko amai.

Na roƙi direba ya tsaya a wani ƙauye, matan wani gida suka shigar da ita ciki, ta fito ta sha ruwa a hankali, muka huta kafin mu ci gaba. A Gembu mun hana ta shayi mai kauri duk da sanyin garin da gonakin shayin da ke yankin, saboda yana iya ƙara bugun zuciya. Mun kuma yi shawara cewa idan numfashi ya gagare ta tana zaune, ko ta suma, ko ƙirji ya riƙe ta, asibiti za mu nufa nan take, sannan mu sauko da ita Serti. Alhamdulillahi, hakan bai faru ba, da ita aka yi ɗaurin aure da walima.