Tarihin Rayuwata, Kashi na 3: Inda Dogo Ya Tuƙe

A makon jiya na tsaya ne a kan rasuwar kakana da tasowarmu zuwa Ƙauran Namoda. To, gidan da muka kama haya yana dab da tashar jirgin ƙasa, kuma a tashar nan Allah Ya ajiye abincinmu.

Tun 1929 dogo ya iso Ƙaura daga Zariya, ya biyo ta Funtuwa da Tsafe da Gusau. A nan ya tuƙe, bai ƙarasa Sakkwato ba. Ina yaro nakan je in tsaya daidai inda ƙarfen ya ƙare, in yi ta mamakin abin da ya hana shi wucewa.

Baba ɗan dako ne. Da kaka ta yi, sai ka ga jakuna da raƙuma da manyan motoci daga Shinkafi da Zurmi da Moriki, ana sauke gyaɗa da auduga da fatun jajayen awaki. A ɗora buhu a sikeli, malami ya rubuta, su Baba su saɓa a wuya, su bi ta kan katako su shige tarago. Inna kuwa tuwo take sayarwa, ni ne mai kai kwanuka. Idan jirgi ya zo daga kudu da goro da gishiri da kananzir, kafin la'asar tukunyarta ta ƙare ƙarƙaf. Har yau in na ji ƙamshin ɗanyen goro, ranar nan nake tunawa.

Sai farin 1973 ya zo, ciwon gyaɗa na 1975 ya biyo baya. Abin da ya saura kuma tireloli suka kwashe ta kwalta. Wata safiya Baba ya dawo tun hantsi bai yi ba, ya zauna a zaure ya ce, "Ɗan nan, ka riƙe bokon nan da kyau, dako ya ƙare." Ban taɓa ganinsa a gida da rana ba sai ran nan.

Bara na koma. Tsatsa ta cinye taragai, awaki na kwance a inda Inna take kafa murhu. Na daɗe a tsaye, na yi musu addu'a su biyun.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, zan ba ku labarin ranar da na fara shiga jirgin nan zuwa Zariya, da kuɗin tuwon Inna ƙulle a lalitata.