Baget da haɗin waya: abin da sabon inji ya koya mini a Tawa

Yawancinmu da muka koyi walda a Tawa, a kan tsohon taransifoma muka koya, irin wanda ake naɗa wayarsa da hannu. Wutarsa AC ce, tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa, don haka ba ruwanka da wace waya ke ina. Ka maƙala mas, wato wayar da ake kama ƙarfen aiki da ita, a jikin ƙarfe, ka ɗauki baget, wato sandar walda, mai lamba 6013, ka hau aiki. Ƙofa, taga, gadon ƙarfe, amalanken jaki, duk da baget ɗaya muke yinsu, kuma babu mai tambaya.

Da injin zamani mai aiki uku ya shigo, wanda ke yin baget da MIG (walda da siririyar waya da inji ke turowa) da TIG (walda da tocila mai tsinken da ba ya narkewa), sai lissafi ya sauya. Galibin irinsa DC yake bayarwa, wuta mai tafiya hanya ɗaya, kuma a gabansa akwai rami biyu, + da −. Inda ka soka wayar mariƙin baget yana cikin saitin aiki, daidai da amfiya, wato ƙarfin wutar da ka saita. Idan mariƙi na kan +, wutar tana cin ƙarfe da zurfi. Idan yana kan −, baget na saurin narkewa amma shigarsa ba ta da zurfi, abin da ake so ke nan a tol, wato falan ƙarfe, marar kauri da ke saurin hujewa.

Matsalar ita ce kowane aiki da nasa haɗin. TIG a kan ƙarfe yana son tocila a −. MIG mai gas yana son +. Wayar MIG ɗin nan mai hoda a ciki da ake aiki da ita ba gas, yawancinta − take so. To a wurin da hannu da yawa ke taɓa inji ɗaya, wani ya gama aikinsa da yamma ya bar waya yadda take, kai ka zo da safe ka murɗa maɓalli zuwa baget, allo ya nuna lamba lafiya lau. Maɓallin ba ya juya waya. Maigidanmu, in ya ji ƙarar wuta ba ta yi masa ba, ko kallon aikin ba ya yi, sai ya ce, "Kai yaro, je ka duba gaban inji." Yaro ya ce, "Maigida, na saita." Ya ce, "Ban ce allo ba, waya na ce."

Baget 6013 ne ke ɓoye wannan, domin ba shi da tsirfa: AC, + ko −, duk yana ci. Waɗanda suka yi makarantar koyon sana'a an koya musu sa shi a −, kuma a tol da siririn bututu na ga amfanin hakan. Amma ranar da ka ɗauki baget 7018, asiri ya tonu. Shi + yake so. Ka sa shi a −, wutar ta riƙa tangal-tangal, tartsatsi ya yi yawa, ɗinkin ya fito da ƙananan huji. A nan ne za ka ji ana cewa baget ɗin jabu ne, ɗan kasuwa ya cuce mu. Akwai jabu a kasuwa, ban musa ba. Sai dai kafin a ɗauki alhakin mutum, a duba waya tukuna.

Lambar da ke jikin baget tana faɗin komi. Biyun farko ƙarfin ɗinki ne: 60 na nufin fam dubu 60 a kan kowane inci murabba'i, 70 kuma fam dubu 70. Lamba 1 da ke biye na nufin yana aiki a kwance, a tsaye, har sama da kai. Ta ƙarshe ke nuna irin hodar da aka lulluɓe shi da ita da irin wutar da yake so. Saboda haka ni a ganina gatarin amalanke, shasin mota, ƙafar tankin ruwa, duk abin da zai ɗauki nauyi ko ya sha girgiza a hanyar da ba kwalta, aikin 7018 ne. Ya fi tsada, ya fi wuyar kunnawa, kuma wanda ya kawo aikin ba zai ga bambanci da ido ba a ranar da ya zo ɗauka. Shi ya sa ake gudunsa.

Sannan 7018 ba ya shiri da danshi. Hodarsa na shan laima kamar gishiri a damina, kuma laimar nan ita ke sa haidirojin cikin ɗinki har ya tsage daga baya. Mu nan Adar busasshiyar iska tana rufa mana asiri watanni da yawa, amma a Yuli da Agusta kwalin da aka buɗe aka bari a ƙasa ya tashi daga aiki. Shanya shi a rana ba ta wadatarwa. Gashin da ake yi masa na gaske yana kai digiri 300 zuwa 350, awa ɗaya zuwa biyu, kuma mu ba mu da irin wannan tanda. Abin da ya rage shi ne a sayi kaɗan, a rufe shi ruf a cikin gwangwani.

Batun amfiya ba shi da tsawo. Ka cire 1 daga kaurin baget, ka ninka da 50: mai milimita 2.5 wajen 75, mai 3.2 wajen 110. Daga nan kunne da ido ke gyarawa.

DC na da wani hali da taransifoma ba shi da shi: a kusurwa ko ƙarshen ƙarfe sai wutar ta karkace gefe. Maganaɗisu ne ke janta. Ka matsar da mas wani wuri, ka rage tazarar baget da ƙarfe, yawanci sai ta daidaita.

Baget 6010 na ɗinkin bututu kuwa, DC kaɗai yake ci, a +, kuma ƙananan injina da yawa ba sa iya riƙe wutarsa, tana kamawa tana mutuwa. Idan takardar injinka ba ta ambace shi ba, in ka aika sayayya kasuwar Katako a Yamai, ka ce a nemo maka 6011. Aikinsu kusan ɗaya ne, yana ratsa tsatsa da fenti, kuma tsohon taransifoma ma yana ɗaukarsa.