Ɗana Ba Ya Shaye-shaye, Ƙarfe Kawai Yake Ɗagawa

Akwai wani irin shaye-shaye da ba ya sa yaro layi a hanya, ba ya sa idonsa ya yi ja, ba ya kuma barin wari a bakinsa ko a rigarsa. Yaron da ya faɗa cikinsa sau da yawa shi ne wanda iyaye ke nuna wa ƙannensa a matsayin abin koyi, domin yana kwanciya da wuri, yana auna abin da zai ci, ba ruwansa da taba ko giya, kuma duk lokacin da ba ya makaranta to yana wurin ɗaga ƙarfe. Wannan ne ya sa nake ganin ƙwayoyi da alluran gina jiki, waɗanda likitoci ke kira sitiroid, sun fi kowace ƙwaya wuyar ganowa a cikin gida. Suna ɓuya ne a bayan halayen da muke yabo, har uba ya wayi gari yana alfahari da faɗin ƙirjin ɗansa mai shekara 16, alhali wannan faɗin shi ne alamar farko ta abin da ke cin yaron a ciki.

Na daɗe ina ɗaga ƙarfe, kuma ba na cikin masu ganin laifin wannan wasa. Yaron da ke motsa jiki bisa ƙa'ida, ƙarƙashin mai horarwa na gari, yana samun ƙarfin ƙashi da natsuwa da juriya. Abin da ke damuna shi ne yadda 'yan shekara 15 zuwa 18 ke shigowa da gaggawa a zuciyarsu, suna son su samu a wata uku abin da jiki ke ginawa a shekara biyar.

Asalin waɗannan magunguna shi ne testosteron, sinadarin da 'ya'yan maraina ke samarwa, wanda ke buɗe muryar yaro, ya fito masa da gemu, ya kuma ƙara masa tsoka idan ya balaga. A 1935 masana a Turai suka gano yadda za a haɗa shi a ɗakin gwaji, kuma a 1958 kamfanin Ciba ya fitar da ƙwayar Dianabol a Amurka, wadda masu ɗaga ƙarfe suka rungume ta nan da nan. Likitoci na da dalilansu na ba da irin waɗannan magunguna, kamar ga yaron da balagarsa ta yi jinkiri ko majinyacin da ciwo ya rame da shi. Sai dai jikin namiji baligi bai cika samar da abin da ya kai miligiram goma a rana ba, alhali masu gina jiki kan ɗura wa kansu ɗaruruwan miligiram a mako, wasu ma su haɗa iri biyu ko uku a lokaci guda.

Abin da ke biyo baya ya kamata kowane uba da kowace uwa su fahimce shi da kyau, domin a nan ne hujjarsu take idan ranar magana ta zo. Ƙwaƙwalwa tana lura da yawan testosteron da ke cikin jini, kuma da zarar ta ga ya yi yawa sai ta daina aika wa maraina umarnin samarwa. Maraina sai su daina aiki, su ƙanƙance, maniyyi ya ragu, wani lokaci ya ɗauke gaba ɗaya. Wani kaso na abin da ya yi rara jiki ke juyawa ya zama sinadarin mata, shi ya sa ake ganin saurayi mai ƙwanji kamar dutse amma nononsa ya kumbura yana ciwo, kuma idan kumburin ya zauna sai tiyata ce ke cire shi. Ga wanda bai gama girma ba akwai asarar da ba ta da gyara. A ƙarshen dogayen ƙasusuwa akwai guringuntsin da tsawo ke fitowa daga gare shi, wanda ke rufewa da kansa idan balaga ta kammala, to waɗannan magunguna suna rufe shi tun lokaci bai yi ba. Yaro zai iya sayen faɗin kafaɗa da tsawon da Allah ya nufe shi da shi, kuma ba wani likita a duniya da zai dawo masa da abin da ya rasa. Haka nan tsoka tana riga jijiyoyin da ke ɗaure ta da ƙashi ƙarfi, sai a ga jijiyar ƙirji ko ta damtse ta tsinke a ƙarƙashin nauyin da tsokar ke iya ɗauka. Ƙwayoyin haɗiya sun fi wahalar da hanta, alluran da ake karɓa-karɓa kuma suna ɗauke da haɗarin ciwon hanta da ƙanjamau. Yarinya kuwa, idan ta shiga wannan hanya, muryarta kan yi kauri har abada ko da ta daina.

Zuciya ita ce ba ta nuna komai a madubi. Bangonta yana yin kauri, kitsen jini mai amfani yana raguwa, mai cutarwa yana ƙaruwa, hawan jini yana shigowa a shekarun da ba wanda ke tunanin auna shi. A Denmak, inda hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ke shiga wuraren motsa jiki tana gwada mutane, masu bincike sun bi diddigin maza 545 da gwajin ya kama, suka tarar yawan mutuwa a cikinsu ya ninka na tsaransu kusan sau uku. Ɗan ƙasar Ostiriya Andreas Münzer, wanda ya yi suna da jikin da kusan babu ɗigon kitse a kansa, ya mutu a 1996 yana da shekara 31, hantarsa cike da ƙari.

To me ke kai yaro mai hankali ga wannan? A ganina allurar ba ita ce farkon labarin ba. Farkonsa shi ne ranar da yaron ya tsaya gaban madubi ya ga kansa ƙarami. Wani likitan ƙwaƙwalwa a Jami'ar Harvard, Harrison Pope, shi da abokan aikinsa sun bayyana wannan yanayi tun a shekarun 1990: mutum ya cika ya batse, amma shi a idonsa ramamme yake, yana sa manyan riguna don ɓoye jikin da kowa ke sha'awa, yana fasa zuwa taron dangi don kada ya rasa atisayen yini ɗaya. Yau kuma yaro ba ya buƙatar mujalla, domin wayar da ke hannunsa tana jero masa ɗaruruwan jikuna a TikTok da Instagram kafin ya yi barci, an zaɓi haske, an zaɓi kusurwa, kuma da yawa daga masu jikunan suna rantsuwa cewa abinci da naci ne kawai. Ba'amurken nan Brian Johnson, wanda ake kira Liver King, ya tara miliyoyin mabiya yana musanta cewa yana amfani da sitiroid, sai a Disambar 2022, bayan wasiƙunsa sun fita fili, ya amsa cewa ƙarya yake yi, kuma wasiƙun sun nuna yana kashe sama da dala 11,000 a wata kan magunguna. Ina tunanin yaran da suka shafe watanni suna bin tsarinsa, suka ga jikinsu bai zama kamar nasa ba, suka yanke hukuncin cewa su ne ke da naƙasu.

Abin da ake sayar wa irin waɗannan yara ma ba lallai ne ya zama abin da aka rubuta a jikin kwalbar ba. Akwai wasu magunguna da ake kira SARM, ana tallata su a intanet a matsayin masu aikin sitiroid ba tare da illarsa ba, alhali ba a amince a ba mutane su ba. A 2017 wasu masu bincike a Amurka sun sayi iri 44 ta intanet suka gwada, suka tarar kusan rabi ne kawai ke ɗauke da abin da aka ce, sauran kuwa wasu magunguna ne dabam ko ma babu komai. Tirenbolon da samari ke ambato da sha'awa, asalinsa maganin ƙiba ne da ake dasa wa shanu. Ko garin ƙarin abinci na gwangwani bai tsira ba, domin wani binciken da ɗakin gwaji na Kolon a Jamus ya yi a farkon shekarun 2000 ya sami sinadaran sitiroid da ba a rubuta ba a kusan kashi 15 cikin ɗari na samfura 634.

Rawar iyaye tana farawa ne daga bakinsu, tun kafin a zo maganar bincike. Uban da ke kiran ɗansa ramamme ko rago a gaban baƙi, da uwar da ke gwada shi da ɗan uwansa mai jiki, ba su san irin shukar da suke yi ba. Haka ma wanda ba ya yabon komai sai sakamako: kofi nawa aka ci, kilo nawa aka ɗaga. Yaro yana sauraro, kuma yana gane abin da ke sa fuskar mahaifinsa ta saki.

Sai kuma sanin hannun da aka damƙa yaro. Jamus ta Gabas ta shafe kusan shekara ashirin tana ba dubban 'yan wasa, da yawansu yara ƙanana, ƙwayar Oral-Turinabol, masu horarwa suna ce musu bitamin ne, iyaye kuma suna gida suna murnar lambobin yabo. Sai a 2000 kotu a Balin ta sami shugaban wasannin ƙasar, Manfred Ewald, da laifi. Ba na kawo wannan don a zargi kowane mai horarwa, mafi yawansu mutanen kirki ne. Ina kawo shi ne don uba ya san yana da haƙƙin ya taka da ƙafarsa zuwa wurin, ya gaisa da mai horarwar, ya ga manyan da ɗansa ke zama da su bayan atisaye, ya kuma ɗauki kowace roba da gwangwani da ke ɗakin yaron ya karanta. A abin da na gani, mai fara miƙa wa yaro ƙwaya ba baƙo ba ne, wani babba ne a wurin wanda yaron ke kallo da girmamawa, wanda zai dafa kafaɗarsa ya ce masa zagaye ɗaya kawai zai yi, wato 'yan makonni na amfani da maganin, ya daina.

Alamun suna nan ga mai lura. Yaro ya ƙara kilo takwas ko goma na tsoka cikin wata biyu ko uku, manyan ƙuraje sun feso masa a baya da kafaɗu har suna ɓata riga da jini, fatarsa tana maiƙo, fuskarsa ta kumbura, gashin gaban kansa ya fara zuba, ga jan zane a hammata inda fata ta miƙe da sauri. Wanda a da ake wasa da shi yanzu ƙaramar magana sai ya doki ƙofa, barci ya ƙaurace masa, saƙonni na zuwa da sunansa yana ɓoyewa, kuɗi kuma ba sa zama a hannunsa. Ɗaya daga cikin waɗannan ba hujja ba ce, balaga kanta tana kawo ƙuraje da fushi, amma idan suka taru a lokaci guda to bai kamata a kau da kai ba.

Idan aka zo magana, ina roƙon iyaye su faɗi gaskiya, har da wadda ba sa so: magungunan suna aiki. Yaron ya gani da idonsa, kuma idan aka ce masa ba sa ƙara komai, ko aka ce duk wanda ya taɓa su gobe zai mutu, daga nan ya daina sauraro. Masu tsara ATLAS, wani shirin hana 'yan wasan sakandare amfani da sitiroid a jihar Oregon ta Amurka, ƙarƙashin Dakta Linn Goldberg, sun lura cewa tsoratarwa zalla ba ta sauya ra'ayin 'yan wasan sakandare, abin da ya fi tasiri shi ne a faɗi amfani da illa tare, sannan a koya musu cin abinci da atisayen da zai kai su ga ƙarfi ba tare da ƙwaya ba. Uba zai iya zama ya ce, "Ɗana, na ga yadda kake wahala a kan jikin nan, kuma na san akwai masu amfani da allura a wurinku. An taɓa yi maka tayi?" Idan yaron ya ce, "Baba, ai kusan kowa yana yi," to ƙofa ta buɗe, kuma ba lokacin tsawa ba ne. Lokaci ne na yi masa bayanin tsawonsa da haihuwarsa, domin ɗan shekara 16 ba ya jin tsoron ciwon zuciyar da zai zo yana da shekara 40, amma yana jin maganar nono da sanƙo da ƙanƙancewar maraina.

Wurin da na fi jin tsoro shi ne ranar da aka gano kwalbar a cikin jaka. Abin da zuciya ke raya wa iyaye shi ne su zubar da komai, su hana zuwa wurin ƙarfe, su ɗauka an gama. Alhali a lokacin ne jikin yaron yake komawa fanko, testosteron na waje ya yanke, na ciki bai farfaɗo ba, kuma farfaɗowar kan ɗauki watanni. Ƙarfi ya tafi, tsokar da ya jingina darajarsa a kanta tana zubewa yana kallo, ga kasala, ga baƙin ciki mai nauyi wanda ba shi da dalilin da za a nuna. Taylor Hooton, ɗan wasan ƙwallon gora na baseball a wata sakandare a jihar Texas, yana da shekara 17 ya kashe kansa a Yulin 2003, ba da daɗewa ba bayan ya daina amfani da sitiroid. Mahaifinsa Don Hooton ya kafa gidauniya da sunansa, ya kuma ba da shaida a gaban majalisar dokokin Amurka a 2005, yana jan hankalin iyaye kan alamun da su suka gani a gidansu ba su san fassararsu ba.

Saboda haka dainawa aikin likita ne, ba aikin fushi ba. A tafi da yaron tare da kwalaben da robobin duka, a faɗa wa likita iri da yawa da tsawon lokaci ba tare da ragewa don kunya ba, a auna hanta da kitsen jini da hawan jini da sinadaran jiki, a duba zuciya idan likita ya ga dama. Kada a bari ya koma wurin wanda ya sayar masa don neman wasu ƙwayoyin da ake cewa suna gyara jiki bayan zagaye. A nemi mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa, domin idon da ya ga kansa ƙarami a madubi yana nan bai warke ba, kuma shi ke mayar da mutane da yawa ga allura. A bar shi ya ci gaba da atisaye gwargwadon abin da likita ya yarda, tare da wani babba da aka amince da shi. A watannin farko kuma kada a bar shi shi kaɗai da damuwarsa: idan ya daina cin abinci, ya rufe kansa a ɗaki, ko ya fara cewa rayuwarsa ba ta da amfani, a kai shi asibiti a ranar, ba sai an jira ranar da aka ba shi ta komawa ba.